Wa Ya Kwashe Takardun Auta?

Tun ranar da aka yi gwajin gabatar da rahoton, duk mai lura ya san ba za a rabu lafiya ba. An tafa wa yarinya guda tafin da ya yi yawa, a ɗakin da ke cike da mutanen da suka fara aiki tun tana goye. Kuma ba duk wanda hannunsa ya tafa ne zuciyarsa ta tafa ba.

Ofishin bincike ne na wata hukumar ruwan sha, bene mai hawa ɗaya a bayan tashar mota. Ma'aikatansa sun yi watanni suna bin gida-gida da takardun tambayoyi: a ina kuke ɗebo ruwa, wa ke ɗebowa, yara na yawan ciwon ciki? Da gangan aka buga tambayoyin a takarda rawaya, don kada su cakuɗe da sauran takardun ofis. Da aka gama tarawa sai aka jibge su gaban ƙaramar ma'aikaciyar da kowa ke kira Auta. Ita ta shigar da amsoshin cikin kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, ta tsince kurakurai, ta jera alƙaluman a jadawali, ta rubuta rahoto.

Ana gobe masu tantancewa za su iso daga hedikwata, Daraktan ofishin ya buga waya caji ofis. An yi sata.

Sufeto ya iso da hantsi. Saje na biye da shi, yana haki a matakala yana zagin wanda ya ƙirƙiro bene.

Suka tarar da Auta a ofishinta, idanu sun kumbura. Darakta na tsaye a kanta, yana ta cewa ta yi haƙuri.

"Me da me aka ɗauka?" in ji Sufeto.

"Takardun tambayoyin duka, ranka ya daɗe. Ga kwalayen nan babu komai a ciki. Sai kuma allon kwamfutata."

"Allon kaɗai? Injin fa?"

"Ga shi a ƙarƙashin tebur, ba a taɓa shi ba. An aro wani allo an jona, alƙaluman duk suna nan."

"To, tunda aikinki na nan, kukan na mene ne?"

Ta share hawaye da gefen mayafinta. "Masu tantancewa ba sa yarda da kwamfuta ita kaɗai. Sukan zaro takarda daga kwali yadda suka ga dama, su duba lambar da ke kusurwarta, su nemi wannan lambar a kwamfuta, su ga ko amsa ta yi daidai. In babu takardu, cewa za su yi a kan kujerar nan na zauna na ƙirƙiro gidajen, sannan na ɓatar da shaida."

"Sai me?"

"Sai kora," in ji Darakta. "Bayan kora kuma kotu. Wannan shi ne aikinta na farko babba, Sufeto. In ya faɗi a kanta, ba za ta ƙara tashi ba."

Sufeto ya duba ƙofa. Ba a ɓalle ta ba. Ya duba taga, a kulle take ta ciki. Ya leƙa bayan tebur. Wayar da ke haɗa allo da injin tana nan, an naɗe ta tsaf, an ɗaure ta da farar igiya, an ajiye a gefe.

"Saje, zo ka ga ɓarawo mai tarbiyya."

Saje ya leƙa. "Wallahi, Yallaɓai, ko uwargidana ba ta naɗe min wayar caja haka."

Wani dattijo ne ya yi sallama a bakin ƙofa, siriri, da tabarau ɗaure da zare a wuyansa. Shi ne mai kula da ɗakin ajiyar fayiloli a ƙasa, saura kaɗan ya yi ritaya. Baba Mai-fayil ake ce masa.

"Yallaɓai, 'yata ce," ya ce. "Autata ce. Ko allura ba ta taɓa ɗauka ba. Don Allah kada ku tafi da ita."

Auta ba ta ko ɗago kai ba. "Baba, don Allah ka koma ƙasa. Baba Darakta yana kula da komai."

Dattijon ya tsaya kamar zai ƙara magana. Sai ya juya ya sauka a hankali, yana dafa bango.

"Ke kam kin more," in ji Saje. "Uba biyu a ofis ɗaya. Ni ɗayan ma da ƙyar yake amsa gaisuwata."

Babu wanda ya yi dariya.

Ofishin da ke kusa na Mataimakin Darakta ne, mutum mai ƙiba da turare mai hawa kai. Tun kafin Sufeto ya zauna ya fara magana.

"Ni ban ce komai ba, Sufeto. Amma dai alƙaluman nan sun yi kyau da yawa. Yarinyar da ko kujerarta ba ta gama ɗumamawa ba, a ce ta haɗa rahoton da mu muke kwana muna tashi a kansa? Ka tambaye ta dai."

"Da wa ya kamata a ba aikin?"

"Ba ni zan faɗa ba. Kowa ya san wanda ya rubuta rahotannin ofishin nan tun kafin a sayo kwamfuta."

"Kai ke nan."

"Ni ban faɗa ba."

"Ka tafa mata ranar gwaji?"

Mataimaki ya murtuke fuska. "Darakta na kallo, ya zan yi?"

"Jiya yaushe ka bar ofis?"

"Ana tashi na tafi. Ban ko waiwayo ba."

Sufeto ya rubuta, ya yi godiya, ya sauka wajen mai gadi.

Mai gadi na zaune a benci a bakin ƙofar waje, rediyo a cinya. Ya kashe ta ya miƙe.

"Jiya da yamma, bayan an tashi, wa ya dawo?"

"Mataimaki, Yallaɓai. Ya ce ya manta tabarau. Ya daɗe a sama kuwa. Na ce a raina tabaran nan ƙafa gare shi."

"Ya fito da kaya?"

"Hannu biyu ya fito yana kaɗawa."

"Yau da safe fa, kafin Auta ta iso, wa ya shigo?"

"Babu kowa."

"Babu kowa? To wa ya buɗe tagogin ƙasa?"

"Au, Baba Mai-fayil. Ai shi ba a lissafa shi, Yallaɓai. Kullum shi ke fara zuwa, wani lokaci ma shi ke tashe ni. Sai Inna mai shara a bayansa."

"Akwai wanda ya fita da kwali, ko buhu, ko wani abu a lulluɓe?"

"Ta gabana? Ko takarda ɗaya ba ta fita ba. Ƙofar kuwa ɗaya ce. Katangar baya ga ta can, ko akuya ba ta hawa."

Sufeto ya juya ya dubi benen daga ƙasa har sama.

"Saje, kayan suna cikin gidan nan. Ka tsaya a ƙofa. Duk mai fita a duba jakarsa, har Darakta."

"Ni dai in ba hawa bene, ko kwana zan yi," in ji Saje.

Da Sufeto ya koma ofishin Mataimaki, bai zauna ba.

"Ka samu tabaran?"

Mataimaki ya yi tsuru-tsuru. Gumi ya tsatso masa a goshi.

"Da wane makulli ka shiga ofishinta?"

"Na Darakta. Yana barinsa a aljihun teburinsa, kowa ya sani." Ya share gumin. "Wallahi ban ɗauki komai ba. Rahoton na kwafa a filashi."

"Don me?"

"In duba a gida. In nemo kuskure ko ɗaya ne, in tayar da shi gobe a gaban masu tantancewa."

"Ka samu?"

Ya ce ƙasa-ƙasa, "Ban samu ba."

"Takardun suna nan lokacin da ka shiga?"

"Kwalaye cike. Allo kuma a kan tebur, da shi na yi aiki. Haba, Sufeto! Ni da na san kwamfuta, in ina so in kashe aikin yarinyar nan, sai in saci allo? Allo ai gilashi ne kawai. Danna maɓalli ɗaya zan yi komai ya goge. Wanda ya ɗauki allon nan ya zaci alƙaluman a cikinsa suke kwana."

Sufeto ya gyaɗa kai. Mutumin yana da baƙin ciki, amma wannan maganar tasa gaskiya ce.

"Ba ni filashin. Kada kuma ka yi nisa."

Darakta ya sa an kawo wa Sufeto shayi a ofishinsa. Mutum ne mai fara'a, mai son a ga kirkinsa.

"Makullan ofishin Auta nawa ne?"

"Nata da nawa. Shi ke nan."

"In duka biyun suka ɓata, sai a fasa ƙofa?"

"A'a, akwai na ajiya. Duk makullan ajiya na gidan nan suna rataye a ƙasa, a ɗakin fayiloli. Amma wannan ai ba a maganarsa. Wurin mahaifinta ne."

"Me yarinyar za ta samu in rahoton ya wuce?"

"Yabo kawai."

"Yabo kawai? Mataimakinka na neman ya haɗiye harshensa saboda yabo kawai?"

Darakta ya yi murmushin wanda aka kama. "To, akwai gurbi a hedikwata. Ni ma can za a mayar da ni, na ce zan tafi da ita. Ranar gwaji na faɗa a gaban kowa. Na ce yarinyar nan 'yata ce, ni na raine ta a wannan aiki, ba zan bar ta a baya ba."

"Ita me ta ce?"

"Ai har ta sa ni hawaye. Ta tashi ta ce duk abin da ta sani na tsara bayanai a hannuna ta koya. Ta ce Allah Ya ba ta uba a wurin aiki."

"Mahaifinta yana wurin?"

Darakta ya ɗaga kai yana tunani. "Ina jin yana nan. Shi ya ɗauko mana majigi, ya tsaya can baya yana riƙe da wayar majigin kada a yi tuntuɓe. Ai shi ma daɗi ya ji. Wane uba ne ba zai ji daɗi ba?"

Sufeto ya tuna nasa gidan. Yana da 'ya shi ma, wadda tun da ta yi aure komai sai ta ce surukinta ya ce. Ya ajiye shayin bai sha rabi ba.

A bayan bene ya sami Inna mai shara tana wanke tsumma a bokiti. Tsohuwa ce mai baki.

"Inna, sannu da aiki."

"Yauwa, ɗan nan. Kai ne za ka kama mana ɓarawo? To ka fara da masu zubar min da bawon gyaɗa a ƙarƙashin tebur."

"Kin zubar da sharar yau?"

"Ina na ga ta zubarwa, wancan mai tumbin ya tsare ƙofa? Ga ta can a buhu."

Sufeto ya zazzage buhun a ƙasa, ya tona da bakin biro. Bawon gyaɗa, tsofaffin ambulan, ganyen shayi. A ƙasan duka sai ga wasu ƙananan zagaye na takarda, irin waɗanda ke zubowa in an huda takarda za a sa ta a fayil. Suna da yawa, cike da tafin hannu. Dukansu rawaya.

Ya ɗebi kaɗan a hannunsa.

"Waɗannan daga ina kika share su?"

"Daga kwandon Mai-fayil. Kullum sai na kwashe irinsu. Yau ne dai suka canza launi, na ce ko tsohon ya fara kwalliya."

"Yaushe kika kwashe?"

"Ban daɗe ba. Da na zo da sassafe ɗakin a rufe yake, ina jin ƙwas, ƙwas, ƙwas daga ciki. Na ce tsohon nan ko hutu bai sani ba."

Sufeto ya hau sama wurin Auta, ya buɗe tafin hannunsa a gabanta.

"Takardunki a hude suke?"

"A'a, ranka ya daɗe. A kwali nake jera su, da roba nake ɗaurewa." Ta ƙura wa zagayen ido. Sufeto yana kallo fuskarta ta canza.

"Biyo ni," ya ce. "Kai ma, Darakta."

Ɗakin fayiloli dogo ne, mai ƙaramar taga ɗaya, yana warin tsohuwar takarda. Kantoci daga ƙasa har rufi, fayiloli a jere kamar sojoji a fareti. Makullai na rataye a ƙusoshi, kowanne da sunan ɗakinsa. Baba Mai-fayil na zaune a teburinsa, hannuwa a kan gwiwa. Abin huda takarda na gabansa, an goge shi yana ƙyalli.

"Baba, yau ka huda takarda?"

"A'a, Yallaɓai. Tun da wannan abu ya faru hannuna bai iya komai ba."

"Ka hau sama da sassafe, kafin Auta ta iso?"

"Me zai kai ni? Gwiwoyina ba sa son matakala."

Sufeto ya bi kantocin a hankali, hannu a baya. Fayilolin ƙarshen ɗaki tsofaffi ne, na ayyukan da aka rufe tun da daɗewa. Bayansu ya koɗe, igiyoyinsu sun yi baƙi-baƙi saboda tsufa. A kanta ta ƙasa ya tsaya. Wasu fayiloli a jeren sun fi 'yan uwansu ƙiba, igiyarsu kuma fara fat. Ƙullin irin wanda ya gani a wayar kwamfuta ne.

Ya durƙusa ya zaro ɗaya. Ya buɗe.

Takardun rawaya ne, a hude, a jere, lamba na bin lamba.

Darakta ya yi salati.

"Ɓarawon kasuwa da inji zai tafi," in ji Sufeto. "Maƙiyi kuma ƙona takardun zai yi, ko ya watsa su a kwata. Mutum ɗaya ne a gidan nan da ba zai iya ɓoye takarda ba sai ya huda ta, ya jera ta, ya ɗaure. Baba, ina allon?"

Dattijon ya cire tabarau, ya bar shi yana lilo a ƙirjinsa.

"Yana bayan kwalayen can. Na lulluɓe shi da rigar sanyina, kada ƙura ta shiga."

"Me ya sa ka ɗauke shi?"

"Na zaci in na bar shi, ba za ta nemi takardun ba. Na ga kullum a ciki take kallon lissafinta."

"Baba," in ji Auta. "Kai? Ni?"

"Ba don in cuce ki ba, Auta. Wallahi ba don haka ba."

"To don me?" in ji Sufeto.

Dattijon ya ɗago ya dubi Sufeto.

"Yallaɓai, kana da 'ya?"

"Ina da ita."

"To ka saurara. Yarinyar nan uwarta ta rasu tana ƙarama. In an tashi makaranta nan take zuwa, don babu kowa a gida. Ga kwalin da take zama a kai, ban yar ba. In ba ta tsofaffin takardu in ce jera min su, ƙarami a gaba, babba a baya. In ta yi kuskure in warware in ce sake. Ni na nuna mata cewa ba a ajiye takarda sai an ba ta lamba. Ni na koya mata ta duba sau biyu kafin ta ce ta gama. Karatuna bai yi nisa ba, kwamfuta kuma ban san gabanta da bayanta ba. Amma wannan ni na koya mata."

Ya nuna Darakta da haɓa, bai dube shi ba.

"Ranar nan ina tsaye a baya, ina riƙe da waya kamar turke. Ta tashi ta ce duk abin da ta sani a hannunsa ta koya. Duk! Ta ce Allah Ya ba ta uba. Shi kuma ya ce 'yarsa ce, zai tafi da ita. Aka yi ta tafi. Ni ko tafin ban samu na yi ba, hannuna da waya. Babu wanda ya juyo. Ita ma ba ta juyo ba."

"Haba, Malam," in ji Darakta. "Ai magana ce kawai ta—"

"Ranka ya daɗe, kana da naka 'ya'yan. Hotunansu sun cika teburinka. Ni ita kaɗai ta rage min a gida. Ita ma sai ka haɗa?"

Darakta ya sunkuyar da kai.

"Sai ka ce bari ka rusa mata aiki, kada ta tafi," in ji Sufeto.

"A'a! Ni in rusa aikin Auta? Duba su, ko kusurwa ɗaya ban lanƙwasa ba. Akwai ma guda biyu da ta juya musu wuri, na gyara." Ya share ido da bayan hannu. "Duk abin da ya ɓata a gidan nan, wurina ake zuwa. Na ce in ta buɗe ofis ta ga babu, za ta sauko ta ce, Baba, taimake ni. Sai in tashi in yi kamar ina nema, in fito mata da su kafin kowa ya ji. Ta san dai akwai abin da tsohon nan yake iyawa. Shi ke nan abin da nake so. Na bar ƙofata a buɗe, na zauna ina jira."

"Ba ta zo ba."

"Na ji ihunta. Na ji ta sauko a guje, har na miƙe. Ta wuce ƙofar nan, Yallaɓai, ko leƙowa ba ta yi ba. Ta fita tsakar gida tana kiran Baba Darakta, Baba Darakta, ta tare shi tun bai fito daga mota ba. Kafin in san abin yi, ya buga muku waya."

"Ka ga 'yarka na kuka tun safe. Ka ji ana maganar kora da kotu. Me ya hana ka magana?"

"Na hau don in faɗa. Kana wurin. Ka ji abin da ta ce min."

Daga waje ana jiyo yaran mota suna kiran fasinja.

Darakta ya matso kusa da Sufeto ya rage murya. "Tunda an samu kayan, a bar maganar nan a gida mana."

"Kai ka kai ƙara. Ka kuma gaya wa hedikwata?"

"Tun da safe."

"To ta fita daga hannuna da naka. Dole ya je ya ba da jawabi. Abin da manya za su yanke, su suka sani." Ya juya. "Baba, fito da sauran."

Dattijon ya tashi. Bai yi lalube ba. Ya bi kanta ta ƙasa yana zaro fayiloli ɗaya bayan ɗaya, yana jera su a tebur bi da bi. Ya ɗauko allon, ya zare rigar sanyinsa, ya goge gilashin da hannun riga. Sannan ya ciro makullan ɗakin daga aljihu ya ajiye a gefe.

Saje ya shigo da ankwa a hannu. Ya dubi tsohon, ya dubi Sufeto. Sufeto ya girgiza kai. Saje ya mayar da ita ƙugu.

Auta ba ta dubi mahaifinta ba. Ta ja fayil na farko gabanta, don dole ta fitar da takardun ta mayar kwali kafin gobe. Ta ja igiyar, ƙullin ya ƙara tsukewa. Ta sa farce, ta sa haƙori.

Har sun kai bakin ƙofa ta yi magana, idonta a kan fayil.

"Baba. Yaya ake kwance wannan?"

Dattijon ya tsaya cak. Ya dubi Sufeto. Sufeto ya ba shi hanya.

Ya dawo teburin, ya kama guntun bakin igiyar da yatsu biyu.

"Ba dogon ake ja ba, uwata. Gajeren. Kin gani? A hankali."

Ƙullin ya warware. Ta ɗauki fayil na biyu, ta kama gajeren, ta ja. Ya warware. Ba ta ce an gode ba. Shi ma bai jira ba.

Suka fito da shi ta gaban mai gadi da Inna mai shara. Mataimaki na leƙe ta tagar sama, da ya ga Sufeto ya ɗago kai sai ya saki labule. Saje ya buɗe wa tsohon ƙofar mota, ya riƙe masa hannu har ya zauna.

Washegari masu tantancewa suka zo. Suka zaro takardu daga kwalaye yadda suka ga dama, suka gwada da kwamfuta, ko ɗaya ba ta saɓa ba. Sun tambayi dalilin hudar, Darakta ya ba su amsa a ɗaki a rufe. Rahoton ya wuce, sunan Auta ya fita tas.

An ba da belin Baba Mai-fayil, yana gida, hukuma ba ta yanke abin da za ta yi da shi ba tukuna. Gurbin hedikwata kuma yana nan yana jira. Darakta ya tambayi Auta, ta ce a ba ta lokaci. Ko za ta tafi, ko za ta zauna, ko ma sun yi maganar da mahaifinta a gidan da su biyu kaɗai ke ciki, har yanzu babu wanda ya sani.